Babi na Shida: Rumbunan Bincike na Intanet da Mai Karatu a Ƙasar Gumel

Rumbun bincike na intanet wuri ne da masana ke ajiye rubuce-rubucensu na ilimi domin kowa ya karanta ko ya sauke ba tare da ya biya ko sisi ba. Abin da ake ajiyewa ya haɗa da maƙalar da ba ta kai ga fitowa a mujalla ba, da kwafin wadda ta riga ta fito, da kundin digiri na biyu da na uku, da rahotannin cibiyoyin bincike, wani lokaci har da alƙaluman da aka gina binciken a kansu. Rumbu ba mujalla ba ne. Mujalla takan karɓi maƙala ta miƙa wa masana biyu ko uku su tantance, sannan ta ce a gyara, ko ta karɓa, ko ta ƙi. Shi kuwa rumbu aikinsa ya karɓa, ya rubuta ranar da aka kawo, ya adana, ya bar ƙofa a buɗe. Daga wannan bambanci amfaninsa ya fito, daga nan kuma haɗarinsa ya fito.

Tsadar mujalla

Mujallun ilimi sun faro ne a 1665, shekarar da aka fara buga Journal des sçavans a Faris da Philosophical Transactions a Landan. Sun daɗe a hannun ƙungiyoyin masana, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin kasuwa suka shigo da ƙarfinsu. Tsarin da ya kafu daga nan abin mamaki ne ga wanda ya fara jinsa. Gwamnati ko jami'a ce ke ɗaukar nauyin bincike, malami ya rubuta maƙala ba a biya shi ba, 'yan'uwansa malamai su tantance su ma ba a biya su ba, sannan kamfani ya buga ya sayar wa ɗakin karatun jami'ar da tsada. Nazarin da Vincent Larivière da abokan aikinsa suka fitar a 2015 ya nuna cewa kamfanoni biyar kacal ne suka buga fiye da rabin maƙalun da kundin Web of Science ya lissafa na shekarar 2013.

Wanda makarantarsa ba ta biyan kuɗin mujalla sai ya sayi maƙala ɗai-ɗai, yawanci a kan dala 30 zuwa 40. A 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, maƙala guda ta fi rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Tun karyewar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ɗakunan karatun jami'o'in Nijeriya suka fara janye hannu daga mujallun waje, har ta kai ɗalibi ya gama digiri yana kafa hujja da littattafan da suka girme shi. Idan haka abin yake a Zariya da Kano, to malamin Kwalejin Ilimi ta Gumel ko malamin gona da ke zagaya ƙauyukan Sule Tankarkar ba sai an faɗa ba.

Yadda abin ya faro

Masana fiziks sun daɗe da al'adar aika wa juna kwafin maƙala ta gidan waya kafin mujalla ta buga, saboda jiran mujalla kan ci watanni, wani lokaci shekara. Matsalar ita ce wanda sunansa ba ya cikin jerin waɗanda ake aika wa, sai dai ya ji labari bayan kowa ya ji. A watan Agusta na 1991, watan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, wani masanin fiziks mai suna Paul Ginsparg ya kafa wata kwamfuta a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, wadda ke karɓar maƙalu ta imel tana raba wa duk wanda ya nema. Wannan ne ya zama arXiv. A 2001 ya koma Jami'ar Cornell tare da mai shi. Maƙalun da ke cikinsa sun kai miliyan 1 a ƙarshen 2014, suka haura miliyan 2 a ƙarshen 2021, a fannonin fiziks, lissafi, kimiyyar kwamfuta, ƙididdiga da makamantansu.

Abin da ya tabbatar wa duniya darajar wannan rumbu shi ne labarin Grigori Perelman, masanin lissafi ɗan Rasha. Tsakanin 2002 da 2003 ya ɗora maƙalu uku a arXiv waɗanda suka warware matsalar Poincaré, wadda ta gagari masana kusan shekara ɗari. Bai kai su wata mujalla ba. Masana ne suka duƙufa a kansu shekaru suna bi layi-layi har suka gamsu. Aka ba shi lambar yabo ta Fields a 2006 ya ƙi karɓa, aka ba shi dala miliyan 1 a 2010 ita ma ya ce a kai kasuwa.

Sauran fannoni suka bi sahu. SSRN ya fito a 1994 don kimiyyar zamantakewa da shari'a, RePEc a 1997 don tattalin arziki, PubMed Central a 2000 don maƙalun likitanci da aka riga aka buga. Masana halittu sun daɗe suna ɗari-ɗari, sai a 2013 aka buɗe bioRxiv, likitoci kuwa sai 2019 suka samu medRxiv. A 2013 ɗin ne kuma cibiyar CERN ta buɗe Zenodo, wanda ba ya zaɓar fanni. Sanarwar Budapest ta Fabrairun 2002 ita ce ta bai wa yunƙurin buɗe bincike ga kowa manufa a rubuce, ta kuma shimfiɗa hanyoyi biyu: ko dai marubuci ya ajiye kwafin aikinsa a rumbu, ko kuma mujallar da kanta ta zama ta kyauta ga mai karatu.

Hanya ta biyun ta zo da nata tarkon. Mujallu da yawa sun ɗauke kuɗin daga kan mai karatu suka ɗora wa marubuci. Mujallar Nature ta fara neman yuro 9,500 a 2021 kafin ta buɗe maƙala guda ga kowa. Malamin da a da ba ya iya karantawa, yanzu yana karantawa amma ba ya iya bugawa. Shi ya sa hanyar rumbu, wadda babu kuɗi a shigarta babu a fitarta, ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi.

Rumbunan jami'o'i da na Afirka

Bayan rumbunan fanni akwai na makarantu. Manhajoji biyu na kyauta ne suka sauƙaƙa kafa su, EPrints da Jami'ar Southampton ta fitar a 2000, da DSpace da MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002. A Nijeriya Jami'ar Jos ce ta fara buɗe nata a 2009. Jami'ar Ahmadu Bello tana da nata mai suna Kubanni, sunan rafin da ya ratsa Zariya, kuma a cikinsa akwai dubban kundaye a kan noma, kiwo, tarihi, harshe da ilimi a Arewa.

African Journals Online, wato AJOL, ba rumbu ne tsantsa ba, dandali ne da ya tattara mujallun nahiyar. Ya fara a 1998, ya koma Afirka ta Kudu a 2005, kuma mujallun Nijeriya sun fi na kowace ƙasa yawa a cikinsa, har da na Jami'ar Bayero. Ba duka ne na kyauta ba, amma da yawa haka suke. AfricArXiv kuma an buɗe shi a 2018 don masu bincike na Afirka da masu bincike a kan Afirka. Akwai kuma shirin Research4Life, wanda ya faro da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002 da AGORA na Hukumar Abinci da Noma a 2003. Shi rangwame ne da kamfanoni ke yi wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma sai ta hannun cibiya mai rajista ake shiga. Manomi ko ɗan jarida ba shi da rabo a ciki.

Abin da mutumin arewacin Jigawa zai samu

Masarautar Gumel, da ƙananan hukumominta huɗu na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce ta yashi da gajeriyar damina, inda gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da zoɓo suke riƙe da gida. Tambayoyin da ke damun mutanenta an yi bincike mai yawa a kansu, kuma kaso mai tsoka na binciken yana buɗe. Cibiyar ICRISAT, mai aiki a kan gero, dawa da gyaɗa, wadda ke da tasha a Sadore kusa da Yamai da ofis a Kano, tana da rumbunta na kyauta. Cibiyar IITA, wadda ta daɗe tana aiki a kan wake a Kano, tana zuba rahotanninta a CGSpace tare da sauran cibiyoyin noma na duniya. Mai neman bayani a kan wuta-wuta, ko irin geron SOSAT, ko yadda ake sa taki ɗan kaɗan a gindin shuka, zai samu abin da zai ishe shi karatun wata guda.

Buhun PICS misali ne da kowa ya gani da idonsa. Buhu ne mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ke hana ƙwaron wake iska har ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta jagoranci yaɗa shi daga 2007, amma gwaje-gwaje masu muhimmanci a Maraɗi aka yi su, a tashar cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, inda Ibrahim Baoua ya yi fice a aikin. Malamin gonar da ya karanta sakamakon da kansa ya san abin da zai faɗa wa manomi idan ya tambaye shi dalilin da ya sa huda guda a leda ke ɓata aikin gaba ɗaya.

Wani ɓangaren ilimin kuma yana tsallaken iyaka, cikin Faransanci. Ƙasar Magarya, Matamai da Mirya a jihar Damagaram ba ta da bambanci da ta Sule Tankarkar a yashi, ruwan sama ko harshe. A can da Maraɗi ne manoma suka farfaɗo da itatuwa tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa. Rahoton da Chris Reij, Gray Tappan da Melinda Smale suka rubuta wa cibiyar IFPRI a 2009 ya ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo a Nijar da kimanin hekta miliyan 5, kuma ana saukar da shi kyauta. Rumbun HAL na Faransa, wanda aka buɗe a 2001, da rumbun Horizon na cibiyar IRD, suna ɗauke da tarin rubuce-rubuce a kan wannan yanki. Ga jihar da ke cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wannan ba ƙaramin gado ba ne, kodayake kaɗan ne daga ɗaliban wannan ɓangaren iyaka ke leƙa shi, saboda shingen harshe.

Neman maƙala ba ya buƙatar shiga rumbu ɗaya bayan ɗaya. Rumbunan suna musayar bayanai ta wata ƙa'ida da aka amince da ita a 2001, don haka manhajojin nema irin su BASE da CORE suna iya laluben dubbansu lokaci guda. Unpaywall kuma yana duba ko akwai halastaccen kwafi na kyauta na maƙalar da aka kulle. Wayar hannu da data kaɗan sun wadatar, domin maƙala guda ba ta kai nauyin ɗan gajeren bidiyo ba. Abin da ya fi wahalarwa shi ne rashin sabis a ƙauyukan da ke nesa da titi, da kuɗin caji, da karanta shafi talatin na Ingilishi a fuskar waya.

Abin da ba ya ciki

Ɓangaren karatu ya samu sauƙi. Ɓangaren ajiya ne har yanzu yake baya. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin yadda mutanen Dagaceri, a arewa maso gabashin Jigawa ta yau, suka jure wa farin shekarun 1970, ya kuma fitar da littafi a Cambridge a 1989. Littafin ya shahara a jami'o'in Turai, amma na sayarwa ne, da kuɗin waje. Irin wannan aikin aƙalla an san da shi. Akwai wanda ya fi shi yawa da ba a san da shi ba sam.

Kowace shekara ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Gumel, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, da Jami'ar Tarayya ta Dutse ta 2011, suna rubuta furojet. Da yawansu a kan garuruwansu suke rubutawa: farashin dabbobi a kasuwar Alhamis ta Maigatari, halin da 'yan kasuwa suka shiga lokacin rufe iyaka na 2019 da na 2023, cinikin riɗi da ƙaro, zurfin rijiyoyi, karatun 'ya'ya mata, tarihin sarautun gargajiya, waƙoƙin daka da na aure. Al'adar da aka saba da ita a manyan makarantun ƙasar nan ita ce a ɗinke kwafi uku ko huɗu da bango mai kauri, a miƙa wa sashe da ɗakin karatu, daga nan sai ƙura da gara. Ba kowane furojet ne ya cancanci adanawa ba, wasu ma kwafe ne. Amma cikinsu akwai hirarraki da dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, da farashin da ba wanda ya rubuta a wani wuri. Ɗalibin da ya zo bayan shekara biyar yakan sake tambayar da aka riga aka amsa, don bai san an amsa ba.

Tsoron da ya fi hana malamai ɗora aikinsu shi ne satar fasaha. Tsoron yana da dalili, amma lissafin a juye yake. Kundin da ke ɓoye a kabad shi ya fi sauƙin sata, tunda ba mai iya kamawa. Wanda aka ɗora a rumbu yana da rana da suna, kuma manhajojin gano satar rubutu suna ganinsa. Dalili na biyu ya fi ƙarfi: kwamitin ƙarin girma maƙalar mujalla yake ƙirgawa, ba ya ƙirga abin da ke rumbu. Muddin haka tsarin yake, malami zai ɗauki ɗorawa a matsayin nafila.

Karatu da taka-tsantsan

Shigar dabba kasuwar Maigatari ba shaida ce ta lafiyarta ba, mai saye ne ke buɗe baki ya duba haƙora. Haka maƙalar rumbu. Masu kula da arXiv suna duba ko rubutu ya yi kama da aikin ilimi, tun 2004 kuma sabon marubuci kan buƙaci wani tsohon hannu ya tsaya masa, amma ba sa tantance ko sakamakon daidai ne. A ranar 31 ga Janairun 2020 wasu masu bincike a Delhi suka ɗora maƙala a bioRxiv suna cewa ƙwayar korona tana da kama da ta ƙanjamau ta hanyar da ba a saba gani ba. Cikin kwana biyu masana suka tarwatsa hujjar aka janye maƙalar, amma jita-jitar ta riga ta zaga duniya. A watan Yuni na shekarar kuma, sakamakon gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya nuna maganin dexamethasone mai arha yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi, ya fito a medRxiv kafin mujalla ta buga shi. Ƙofa ɗaya ce ta fitar da su duka biyun.

Mai karatu zai fara da duba ko maƙalar ta fito a mujalla daga baya, domin rumbuna da yawa suna nuna hakan a saman shafi. Zai duba ko akwai sabon kwafi da ya gyara na farko, da ko an janye ta. A abin da ya shafi magani, ma'aikacin asibiti ba ya canza abin da yake bai wa majinyaci saboda maƙalar da ba a tantance ba. Sai dai tambarin mujalla shi ma ba garanti ba ne. Akwai mujallun cin kasuwa da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, ya riƙa lissafa su har ya rufe jerin a 2017. Kundin DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund a 2003, yana taimakawa wajen gane mujallun kyauta na kirki.

ResearchGate da Academia.edu, waɗanda malamai suka fi sabawa da su, kamfanonin kasuwa ne da aka kafa a 2008, ba su ɗauki alkawarin adana komai har abada ba. SSRN ma kamfanin buga mujallu na Elsevier ya saye shi a 2016. Sci-Hub kuwa, wanda Alexandra Elbakyan ta Kazakistan ta buɗe a 2011, yana raba maƙalun da aka kulle ba da izinin masu haƙƙi ba, kotuna a ƙasashe da dama sun yanke hukunci a kansa. Yawan masu shigarsa shaida ce ta girman buƙata, amma ba ya cikin rumbunan da ake magana a kansu a nan.

Ɗorawa da riƙo

Ga malami ko ɗalibin da makarantarsa ba ta da rumbu, Zenodo ya fi sauƙi. Yana karɓar rubutu a kowane fanni da kowane harshe, yana ba shi lambar DOI wadda ba ta canzawa ko da adireshin ya canza, kuma ba ya karɓar kuɗi. Marubuci zai buɗe lambar ORCID, wadda aka fara bayarwa a 2012, don bambance shi da masu irin sunansa, abin da ke da amfani ƙwarai a ƙasar da Muhammad Sani da Aisha Ibrahim ba sa ƙirguwa. Zai zaɓi lasisin Creative Commons da ke fayyace abin da aka yarda a yi da aikin. Idan maƙalar ta riga ta fito, zai duba yarjejeniyar da ya sa wa hannu, domin yawancin kamfanoni suna yarda a ɗora kwafin marubuci na ƙarshe bayan wata 6 zuwa 24, amma ba nasu shiryayyen kwafin ba. Kundin da ke ɗauke da hirarraki kuma sai an cire sunayen waɗanda ba su yarda a ambace su ba.

Makarantar da ke son nata rumbun ba manhaja ce za ta ci mata kuɗi ba, DSpace kyauta ce. Abin da ke ci shi ne wutar da ba ta yankewa, da wurin ajiya na biyu, da ma'aikacin ɗakin karatu da aka ware wa aikin, da dokar majalisar makaranta da ta wajabta miƙa kwafin kwamfuta tare da mai bango. Rumbunan da aka buɗe da biki suka mutu bayan shekara biyu, galibi ɗaya daga waɗannan ne ya rasa. Ƙananan kwalejoji za su fi cin riba idan suka haɗa rumbu ɗaya na jiha maimakon kowace ta ja nata.

Harshe shi ne shingen da ya rage. Kusan duk abin da ke manyan rumbunan da Ingilishi yake. Masana kwamfuta Hausawa suna amfani da arXiv sosai, a can Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka ɗora NaijaSenti a 2022, aikin da ya tattara dubban saƙonnin Twitter na Hausa, Yarabanci, Ibo da Burokan Ingilishi don koya wa kwamfuta gane ra'ayi, amma ita maƙalar da Ingilishi aka rubuta ta. A ɗaya gefen, sassan nazarin Hausa a Kano, Zariya, Sakkwato da Katsina sun shafe shekaru suna karɓar kundayen digiri da aka rubuta da Hausa zalla, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka hau intanet. AfricArXiv da Zenodo duka suna karɓar rubutun Hausa. Maƙalar Ingilishi ko ta Faransanci kuma ana iya haɗa ta da taƙaitawar Hausa ta shafi guda, wadda malamin gona a Gagarawa zai karanta wa ƙungiyar manoma, ko gidan rediyo ya ɗauka ya watsa.